Mi ne ne sojojin Amurka sunka gani bisa sararin Washinton?

A daren 19 ga watan Yuli 1952, tsoro ya kama ma'aikatan filin jirgin sama na Washinton, babban birnin ƙasar Amurka. Wajen ƙarfe 12 saura, sunka ga ɗigo 7 cikin na'urarsu mai suna radar. Babu jirgin da anka sani a wannan wuri.

Mi ake nufi da radar?

In mutum ya yi kira kusa da dutse, muryarsa takan komo masa. Haka radar take aiki. Tana aika sigina cikin sama, irin ta rediyo. In siginar ta bugi jirgi, sai ta komo, ɗigo ya fito bisa gilashin na'urar. Da haka ake ganin jirgi ko da dare, ko cikin hazo.

Abin da soji sunka yi

A lokacin nan Amurka da Rasha ba su ga maciji da juna. Saboda haka soji sunka ji tsoron ko jiragen abokan gaba ne. Anka tada jiragen yaƙi. Kafin su iso, ɗigon sun ɓace. Ran 26 ga wata abin ya sake fitowa. Wasu mutane sunka ce sun ga fitilu a sama. Jita-jita ta cika gari, har ana cewa halittu ne daga wata duniya. Shugaban ƙasa Turuman da kansa ya nemi bayani.

Ran 29 ga wata, Janar Samfod na sojan sama ya tara ƴan jarida. Ya ce ga alama iska ce ta ruɗi radar. A dararen nan, iska mai zafi ta hau bisa iska mai sanyi. In haka ta faru, siginar takan lanƙwasa ta komo ƙasa, ta bugi gini ko mota. Sai na'urar ta nuna abin kamar a sama yake.

Duk wanda ya yi tafiya cikin bazara ya san kawalwalniya. Mutum ya hangi ruwa gabansa, ya iso ya tarar da rairayi. Iska mai zafi ce ta ruɗi idonsa. To, radar ma tana da tata kawalwalniya.

Amma wasu ma'aikatan radar ba su yarda da wanga bayani ba. Sun ce sun san aikinsu.

Ƙarshen bincike

Sojan sama sun ci gaba da bincike har 1969. Sun duba labari 12.618. Mafi yawa taurari ne, ko jirage, ko gajimare, ko balan-balan na awon iska. Guda 701 ne ba a gane ba. Ba a samu shaidar cewa baƙi ne daga wata duniya ba. A 2024 ma'aikatar tsaron Amurka ta sake faɗin haka.

Ƴan uwa masu karatu, abin da ba a gane ba, sunansa abin da ba a gane ba. In wani ya ga haske a sama, kada ya ruɗa gari. Ya riƙe ranar da lokacin da wajen da ya gan shi, ya rubuta, ya kai wa mai gari ko hukuma. Gani ya kori ji, amma ido ma yana son a bincika masa.