Abin da Mutanen Italiya Ke Ci da Abin da Aka Ce Su Ci

'Yan'uwa manoma, wanda ya taɓa cin taliya ya riga ya san wani abu game da Italiya, gama masana harshe suna cewa daga sunan ƙasar ne muka sami kalmar. Ƙasa ce a kudancin Turai, ta miƙe cikin Bahar Rum kamar ƙafa, mutanenta wajen miliyan 59. A cikin likitocin duniya sunan abincinta ya yi tashe ƙwarai, har akan ce wa mai ciwon zuciya ko hawan jini ya koyi ci irin na mutanen bakin Bahar Rum. Abin tambaya shi ne, su masu abincin, har yanzu haka suke ci?

Ga yadda sunan ya samu. A shekara ta 1951 wani masani na Amurka mai suna Ancel Keys ya je taro a birnin Roma. Can wani malamin jami'a daga Napoli ya gaya masa cewa ciwon zuciyar nan da ke kashe magidanta a Amurka ba a cika ganinsa a cikin leburorin garinsu ba. Keys ya so ya gani da idonsa. Da shekara ta kewayo shi da matarsa Margaret suka tafi Napoli, suka auna jinin ma'aikata da na attajirai. Suka tarar kitsen da ke yawo cikin jini, wanda likitoci ke kira kolestarol, kaɗan ne a jikin ma'aikata, amma a jikin attajirai ya yi yawa. Daga nan aka shirya babban bincike a ƙasashe bakwai, aka yi gwajin farko a Nicotera, wani ƙaramin gari na manoma a kudu, a 1957.

Me waɗannan manoma ke ci? Burodi da taliya na alkama, wake iri iri, ganye da kayan lambu masu yawa, man zaitun, 'ya'yan itatuwa bayan abinci, kifi in an samu, cuku kaɗan. Nama kuwa sai ranar Lahadi ko ranar biki. Kada mu ɗauka hikimar likita ce ta sa su haka. Talauci ne. Ba su da kuɗin nama, kuma da ƙafa suke hawa tudu zuwa gona, su wuni suna aiki da fartanya. Ba kowane abincin talaka ne ke da kyau ba kuwa. A arewacin ƙasar, inda talakawa suka dogara ga fate-faten masara safe da yamma ba mahaɗi, wata cuta mai sa fata ta yi kaushi ta tsage, ta kawo zawo da taɓin hankali, ta kama mutum fiye da 100,000 bisa ga ƙidayar 1881. Sunanta felagira, kuma sunan ma daga bakin Italiyawa ya fito. Mu da masara ta cika gonakinmu ya kamata mu riƙe wannan: abin da ya raba manomin kudu da na arewa shi ne wake da ganye da ke cikin tukunyarsa.

Gwamnatin Italiya ta fara buga littafin shawara a kan abinci a 1986, ta sabunta shi a 1997 da 2003, na baya-bayan nan kuwa shi ne na 2018, mai ɗauke da gargaɗi 13. Ainihin maganarsa ita ce a koma kusa da tukunyar kakanni. A ci kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kashi biyar a yini. A ci wake kamar sau uku a mako. A fi son hatsin da ba a cire masa dusa ba. A rage jan nama, naman alade da aka adana da gishiri kuwa sai jefi-jefi. A rage sukari, a rage gishiri, giya kuma iyakar ƙarancin da mutum zai iya.

To, ina aka kwana? Babbar cibiyar lafiya ta ƙasar da ke Roma tana da wani shiri da ake kira PASSI, inda ma'aikatan lafiya ke buga wa mutane masu shekara 18 zuwa 69 waya, dubbai kowace shekara, suna tambayarsu yadda suke rayuwa. Kusan kowa yakan ce yana cin ganye ko 'ya'yan itace kowace rana. Amma da aka zo ga yawa, waɗanda ke cika kashi biyar ɗin ba su kai mutum ɗaya cikin goma ba. Kusan rabi suna tsayawa a kashi ɗaya ko biyu. Kashi biyar ɗin nan ba wani tulin abinci ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giram 400 ne a yini, watau bai kai rabin kilo ba. Wannan a ƙasar da ke fitar da tumatir da lemo da inabi zuwa kasuwannin duniya ke nan. Shirin ya kuma nuna cewa cikin manya goma, huɗu sun wuce nauyin da ya dace da tsawonsu, ɗaya daga cikin huɗun kuwa ƙibarsa ta zama cuta. Abin mamaki, jihar Campania, inda Napoli take, inda Keys ya ga leburori masu lafiyar zuciya, har ya gina gida ya zauna shekaru a ƙauyen Pioppi, tana cikin jihohin da ƙiba ta fi yawa yanzu, ga manya da yara.

Batun gishiri ya fi tabbata, domin ba da tambaya aka gano shi ba. Kowa ya san in aka tambayi mutum abin da ya ci, yakan manta da wani, ya kuma gyara wani don kunya. Saboda haka masu bincike suka karɓi fitsarin da mutum ya yi cikin awa 24 suka auna, gama kusan dukan gishirin da aka ci ta nan yake fita. Tsakanin 2008 da 2012 namiji yana cin giram 10.8 a yini, mace giram 8.3. A 2018 zuwa 2019 ya sauka zuwa 9.5 ga maza da 7.2 ga mata. An ci gaba, amma iyakar da aka yanka ita ce ƙasa da giram 5, kamar cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Fiye da rabin gishirin nan ba uwargida ce ta barbaɗa shi a miya ba. Yana ɓoye cikin burodi, da cuku, da naman da aka adana, da kayan gwangwani. Shi ya sa a 2009 ma'aikatar lafiya ta yi yarjejeniya da ƙungiyoyin masu gasa burodi su riƙa rage shi sannu sannu, yadda harshen mai saye ba zai lura ba. A ganinmu wannan dabara ta fi wa'azi aiki, domin mutum ba ya iya cire gishirin da bai san yana ci ba.

Ba duka aka watsar ba. Har yanzu Ba'italiye yana cin taliya wajen kilo 23 a shekara, man zaitun ne man girkinsa, iyalai da yawa kuma suna zama su ci tare. Ruwan inabi da ake sha, wanda ya haura lita 100 ga kowane mutum a shekara wajen 1970, ya ragu da fiye da rabi. Mutanen ƙasar suna cikin masu tsawon rai a duniya, kusan shekara 83. Sai dai tsofaffin da suka kai ƙasar wannan matsayi da tsohon abinci suka girma, binciken kuma yana nuna su ne suka fi riƙe shi, matasa sun fi nisa da shi.

Me ya kawo canjin? Daga 1950 zuwa 1970 masana'antu suka bunƙasa, miliyoyin mutanen kudu suka bar gonaki suka tafi Milan da Torino neman aikin albashi. Da kuɗi ya shiga hannu, abin da aka fara saya shi ne abin da aka daɗe ana marmari, watau nama. Yawan naman da ke shiga kasuwa ga kowane mutum ya ninka fiye da sau biyu tsakanin 1961 da 1990. Aikin ƙarfi ya ragu, cin bai ragu ba. Mata suka shiga aikin ofis da na masana'anta, wa zai jiƙa wake tun dare ya tsaya a kansa awa biyu? Ga kuma raini. Italiyawa suna kiran wake naman talaka, wanda ya tsere wa talauci kuwa ba ya son abin da zai tuna masa da shi.

Yanzu lamarin ya juya. A jihar Molise an bi mutum fiye da 24,000 ana duba cinsu tun daga 2005. Aka ga masu kuɗi da masu ilimi ne suka fi bin tsohon abincin, kuma da tattalin arziki ya taɓarɓare bayan 2007, masu binsa sosai suka ragu. Dalili a fili yake. Wanda ba shi da lambu dole ya sayi ganye da kifi da man zaitun da tsada, alhali biskit da lemon kwalba suna da araha, ba sa ruɓewa. Hukumar UNESCO ta sa abincin Bahar Rum cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye a 2010, amma takardar yabo ba ta rage farashi a kasuwa ba.

Ɓangaren da ya fi shafar manomi shi ne na wake. Da masu ci suka ragu, manoma suka daina shukawa, gonakin wake suka ragu ƙwarai daga yadda suke a 1960, aka koma zuba takin zamani a maimakon juya alkama da wake. Yau mafi yawan busasshen waken da Italiya ke ci daga waje ake kawo shi, musamman wani ƙaramin wake mai faɗi da Larabawa ke kira adas, wanda jiragen ruwa ke ɗaukowa daga Kanada. Waɗanda suka riƙe irinsu na gargajiya su ne suka ci riba. Manoman Castelluccio, wani ƙauye a kan tsaunukan tsakiyar ƙasar, sun haɗa kai suka sami shaidar Tarayyar Turai a 1997, cewa ba wanda zai sayar da adas da sunan ƙauyensu sai wanda ya noma shi a can. Kilo ɗaya nasu yakan yi kuɗin kilo da yawa na wanda aka kawo daga ƙetare.