MUDUN DA AKE AUNA MASANI DA SHI

A Kore Mairuwa, garin da ke bisa babbar hanyar Doso zuwa Dogon Dutsi, ba a tambayar manomi ko ya iya noma. Dammunan hatsin da ya kai rumbu su ne shaidarsa. Haka malamin zaure, ana saninsa ta wurin malaman da ya yi karatu gabansu da almajiran da ya yaye. To, masanin da ke bincike cikin ɗakin gwaji fa, da wane mudu ake auna aikinsa?

Tambayar ta shafi gidaje da dama na Arewa, musamman masu yaran da ke fama da amosanin jini, wato emasi. Labari ya bazu cewa akwai uwayen ƙwayoyin halitta, waɗanda a Faransanci ake kira cellules souches, masu iya warkar da cutar. Gaskiya ne, domin tun 1984 likitoci a Amurka suka ga dashen ɓargo ya raba wata yarinya da ita. Amma inda aka ga bukata, nan ƴan damfara ke kafa rumfa, suna sayar da gari ko ƙwaya da sunan wannan ilimi. Saboda haka ya wajaba jama'a su san yadda ake rarrabe masani da mai kwaikwayo.

Mudu na farko shi ne ambato. Idan masani ya gama bincike, yakan buga sakamakon cikin mujallar masana, bayan takwarorinsa sun tantance shi. Duk wanda ya ɗora nasa aiki bisa wannan, dole ya ambace shi. Eugene Garfield ya kawo shawarar ƙidaya ambaton a 1955, kundinsa kuma ya fito a 1964. A 2005 Jorge Hirsch ya ƙago awon da ake kira h: wanda awonsa ya kai 20, yana da maƙala 20 da aka ambaci kowacensu aƙalla sau 20.

Misali sananne shi ne Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto a Japan. A 2006 shi da almajirinsa Kazutoshi Takahashi suka nuna cewa da ƙwayoyin gado 4 ana iya maida ƙwayar fatar ɓera ta koma uwa, mai iya zama kowane irin nama. An ambaci maƙalar fiye da sau 20,000, kuma a 2012 Yamanaka ya samu kyautar Nobel tare da John Gurdon na Ingila, wanda ya share fagen da gwajin kwaɗi a 1962.

Mudu na biyu shi ne haɗin gwiwa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1988, a asibitin Saint-Louis na birnin Paris, Eliane Gluckman ta yi dashen jinin cibiya na farko a duniya. Yaron daga Amurka ya zo, jinin na ƙanwarsa ne, kuma Hal Broxmeyer na jihar Indiyana ne ya adana shi. A maƙwabciya Najeriya, Nosakhare Bazuaye ya jagoranci dashen farko ga mai emasi a asibitin koyarwa na birnin Benin a 2011, da taimakon likitocin Basel na ƙasar Siwis. Wanda ya yi aiki tare da wasu, akwai idanu da yawa bisa aikinsa.

Sai dai mudu yana da ha'incinsa. Hwang Woo-suk na Koriya ta Kudu ya buga maƙaloli 2 a mujallar Science, a 2004 da 2005, duniya ta yi ta ambatonsa, har aka gano ƙage ne, aka janye su a 2006. Lissafi ba ya bambanta ambaton yabo da na suka. Ban da haka, yawancin mujallun da ake ƙidayawa da Ingilishi ake buga su, don haka likitan Nijar da ya yi rubutu da Faransanci kan majinyatan karkara sau da yawa ba ya shiga ƙidayar, ko da aikinsa ya ceci rayuka. Shi ya sa a 2012 masana suka taru a San Francisco, suka yi kira da a dubi abin da aiki ya ƙunsa, kada a tsaya ga sunan mujalla. Hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, ita ma kwamitin masana take ba takardun malaman jami'a su karanta kafin ƙarin girma.

Magidancin Kore Mairuwa ba ya bukatar kwamfuta kafin ya yi amfani da wannan darasi. Duk wanda ya zo masa da maganin uwayen ƙwayoyi, sai ya tambaye shi abu 3: a wace mujalla aka buga aikin, waɗanne masana suka gwada suka tabbatar, da wane asibiti yake aiki? Dashe na gaskiya a asibiti ake yinsa, bayan gwajin jinin mai bayarwa da mai karɓa. Ba a sayar da shi cikin ƙunshi a kasuwa. Mai yaro marar lafiya ya fara da likitar garinsu, daga nan a tura shi asibitin gunduma, ko cibiyar kula da masu emasi ta ƙasa da ke Yamai. Kuɗin hatsin shekara guda sun fi ƙarfin a miƙa su ga wanda ba shi da shaidu.