Kasuwar Jiragen Yaƙi: Ka Biya Kuɗinsa, Igiya na Hannun Mai Shi

Duk ranar Alhamis, karar Maigatari kan cika maƙil da shanu da raƙuma daga Nijar da ƙauyukan Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar. Mai saye ya taya, mai dabba ya ce albarka, dillali ya shiga tsakani. Da zarar an ce "na sallama", sai a miƙa igiya, kowa ya kama gabansa. A kasuwar jiragen yaƙi ta duniya kuwa, ana karɓar kuɗi, a ba ka jirgi, amma igiyar ba ta barin hannun mai sayarwa.

Dalili na farko shi ne ƙarancin masu haja. A Amurka, manyan kamfanonin da ke karɓar kwangilar makamai kai tsaye daga gwamnati sun kai 51 a farkon shekarun 1990. Bayan yaƙin cacar baka sai suka shiga haɗiye juna, har rahoton ma'aikatar tsaron ƙasar na 2022 ya nuna saura biyar: Lockheed Martin, Raytheon, Boeing, General Dynamics da Northrop Grumman. Inda dillalai biyar ne kacal a kara, mai saye ba ya ja da farashi da nisa.

Na biyu, ba kamfani kaɗai ke sallamawa ba, sai gwamnatinsa ta yarda. Najeriya ta ga haka a cinikin jiragen A-29 Super Tucano guda 12, ƙirar kamfanin Embraer na Brazil, waɗanda aka harhaɗa a jihar Florida tare da Sierra Nevada na Amurka. Gwamnatin Obama ta jingine maganar bayan da jirgin sojan Najeriya ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017. Sai da Trump ya hau aka amince, aka biya kusan dala miliyan 500, sannan shida na farko suka sauka a Kano a Yulin 2021. Shekara huɗu ke nan ana jira, ga wuta na ci a gida.

Na uku, kuma nan ribar take, shi ne abin da ke biyo bayan ciniki. Jirgin yaƙi kan yi shekara talatin yana aiki, kuma kuɗin kula da shi yakan zarce kuɗin sayensa. Kayan gyara, harsashi da bam, horar da matuƙa, manhajar kwamfutar da ke cikinsa, duk wurin maƙerinsa za a koma. Ranar da aka ɓata da ƙasar maƙerin, jirgi ya zama tarin ƙarfe a filin sauka.

Wannan ne ya buɗe wa sababbin 'yan kasuwa ƙofa. A 2021 Najeriya ta karɓi jiragen JF-17 guda uku, ƙirar haɗin gwiwar Pakistan da Sin. Nijar, da ke ƙetaren shingen Maigatari, ta karɓi jirage marasa matuƙi samfurin Bayraktar TB2 daga kamfanin Baykar na Turkiyya a 2022. Suna da rahusa, sharuɗɗansu ba su da tsauri. Sai dai canza dillali ba ya mayar da igiya hannun mai saye. Garke ma ya zama gauraye, kowane jirgi da makanikinsa da kayan gyaransa.

A gida kuwa, tun 1964 aka kafa masana'antar kayan soja ta DICON a Kaduna, kuma a 2023 aka sabunta dokarta don jawo 'yan kasuwa. Ba wanda ke tsammanin a ƙera jirgin yaƙi a yankin ciniki maras haraji na Maigatari. Amma soja na sa takalmi, yana ɗaura ɗamara, yana kwana a tanti, ga kuma fata a karar da ke maƙwabtaka da yankin. Ƙasashe irin su Indiya kan gindaya wa kamfani sharaɗin ya kashe wani kaso na kuɗin kwangila a cikin ƙasarsu. Wannan sharaɗi tun wajen tayi ake faɗarsa. Kowane Bamaigatare ya san ba a sake ciniki bayan an sallama.