Ba kowace lakar Kwara ce yumɓu ba

Daga Shanga zuwa Yawuri har Ngaski, idan ruwan tafkin Kainji ya ja da baya, sai ya bar gaɓa shimfiɗe da laka mai santsi. Baƙo zai ɗauka duk ta ginin tukwane ce. Magina kuwa sun san yawancinta ba ta ginuwa: a murza ta ta yi tsawo, a lanƙwasa, nan take ta karye.

Bambancin yana ga girman ƙwayar ƙasa. Ta yashi ido na ganinta. Sai lallausar ƙasar da ambaliya ke ajiyewa, mai laushin gari amma ba danƙo. Yumɓu ne mafi ƙanƙanta. Ƙwayoyinsa ba su wuce kashi 2 cikin 1,000 na milimita ba, kuma fale-fale suke. Da ruwa ya shiga tsakaninsu sai su riƙa zamewa a kan juna ba tare da sun rabu ba. Danƙon ke nan.

Kogin Kwara da kansa ke raba su. Inda yake gudu yashi ke zama, yumɓu kuwa sai ruwa ya kwanta a fadama ko kududdufi. Cikowa biyu Kwara ke yi a nan kowace shekara. Ta damina ita ke zuwa da ruwa gurɓatacce, ɗauke da ƙasar gonakin kusa. Ta hunturu daga tsaunukan Gini take, ta riga ta zubar da lakarta a fadamun Mali, sai ta iso garau.

To, yumɓu zalla ma ba ya yi, domin yana tsukewa idan ya bushe, tukunya ta tsage tun ba ta ga wuta ba. Shi ya sa ake kwaɓa shi da yashi, ko ƙaiƙayi, ko dakakken tsingaro. A ganina na ƙarshen ya fi hikima: ya riga ya sha wuta, ba zai sake tsukewa ba. Awon kuwa a tafin hannun magini yake, don yumɓun kowane rami da irin haɗin da yake so.

Wutar itace da kara takan kai zafin digiri 600 zuwa 900, wanda ya isa ya kori ruwan da ke ɗaure a jikin ƙwayoyin, yadda tukunya ba za ta sake komawa laka ba. Sinadarin ƙarfe ke sa ta yi ja, hayaƙi ke baƙanta ta. Shi ya sa takan daɗe: kafin a kammala madatsar Kainji a 1968, wadda ta tashi mutum kusan 44,000, masu binciken kayan tarihi sun yi tono kusa da Yelwa, suka fito da tukwane da mutum-mutumin yumɓu da suka haura shekara 1,000.

Wutar itacen ba ta toshe ƙananan kafofin jikin randa, sai ruwa ya riƙa tsattsafowa, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Ladi Kwali, wadda hotonta ke kan takardar naira 20, ta shiga cibiyar ginin tukwane ta Michael Cardew a Abuja ta da, wato Suleja, a 1954. Can aka riƙa shafa wa tulunanta ruwan ƙyalli, ana gasa su da zafin da ya wuce digiri 1,200. Sun yi nauyi, sun yi tsada, sun shiga gidajen tarihi na Ingila, amma ba sa sanyaya ruwa.