Kwana a Cikin Jirgin Ƙasa: Abin da Matafiyi Zai Tarar

A dogon hutun da ya wuce mun raka Baba ziyarar kawunmu da ke kasuwanci a Yawunde, babban birnin Kamaru. Daga Yola muka bi mota zuwa Garwa, daga Garwa zuwa Ngaundare, inda layin dogo ya tsaya a arewacin ƙasar. A can muka shiga jirgin dare. Tun da muka dawo ake tambayarmu: wai da gaske akwai gado a cikin jirgi? Akwai. Ga abin da mutum zai tarar.

Tsakanin Ngaundare da Yawunde akwai fiye da kilomita 600. Layin ya iso Ngaundare a shekarar 1974, kuma kamfanin Camrail ne ke gudanar da shi. Jirgin yana tashi da almuru, ya kwana yana tafiya, ya isa da safe. Tafiyar takan ci awa 14 ko fiye. Layin guda ɗaya ne, saboda haka wani lokaci jirgi yakan tsaya a tasha ya jira wani ya wuce. Kada ka yi wa kowa alkawarin ƙarfe nawa za ka iso.

Tikiti iri-iri ne. Akwai na kujera, wanda ya fi araha, amma a zaune za ka kwana. Akwai kuma na ɗakin kwana, mai gado huɗu ko mai gado biyu, wanda ya fi tsada. Gadajen ɗakuna sukan ƙare da wuri, don haka ana sayen tikiti tun kafin ranar tafiya. Da sefa ake biya, ba da naira ba. A ajiye fasfo a kusa, domin ana dubawa. Ma'aikata Faransanci suke yi, amma a tashar Ngaundare ba a rasa mai jin Hausa ko Fulatanci.

Mu mai gado huɗu muka shiga. Ɗakin ɗan ƙarami ne, gado biyu a ƙasa, biyu a sama, taga ɗaya, da ƙofar da ake rufewa daga ciki. Ana ba da zanin gado da matashin kai. Makewayi yana ƙarshen tarago, kowa da kowa ke shiga, saboda haka ka zo da butarka da sabulu. Idan ba ku cika huɗu ba, za a iya haɗa ku da baƙo. Ka gaishe shi, ka rage surutu idan dare ya yi.

Barcin jirgi ba kamar na gida ba ne. Tarago yana jijjiga, ƙafafun jirgi suna ƙara a kan dogo, in ya taka birki sai ka ji kamar an ture ka. Da farko mun kasa runtsawa, daga baya jijjigar ce ma ta sa mu barci. Ƙananan yara su kwana a gadon ƙasa don kada su faɗo. Ngaundare a kan tudu take, akwai sanyi da dare. Mun bar rigunan sanyinmu a ƙasan babbar jaka, sai da muka tashi Baba da tsakar dare ya ciro mana. Abin da za ka buƙata da dare, kamar rigar sanyi, ruwan sha, tocila da magani, ka sa shi a ƙaramar jaka kusa da kanka. Kuɗi da takardu kuwa a jikin babba suke kwana.

Jirgin yana tsayawa a garuruwa irin su Ngaundal, Belabo da Nanga Eboko. Ko da tsakar dare ne za ka ji masu talla a bakin taga, da zuma da ayaba da rogon da aka naɗe a ganye. A nan ne babban haɗari yake. A wata tasha ƙaninmu ya sulale ya sauka don ya ga masu zuma da kyau. Jirgi ya yi ƙugi, Baba ya duba gado bai gan shi ba. Da gudu ya fita ya jawo shi ciki, ƙofa ke nan jirgi ya motsa. Da an ƙara minti ɗaya, da an bar yaro ɗan shekara bakwai cikin dare a garin da ba ya jin yarensu. Jirgi ba motar haya ba ce da za a ce wa direba ya dakata. Yaro kada ya sauka sai tare da babba, kuma in an gama ciniki a rufe taga.

Game da salla, mun yi alwala tun a tasha. Wanda zai yi irin wannan tafiya ya tambayi malamin addini hukuncin ƙasaru da haɗa salloli tun kafin ya bar gida.

Ladan wahalar yana zuwa da asuba. Mun kwanta a ƙasar ciyawa da shanu irin tamu, muka farka cikin kurmi mai dogayen itatuwa da jar ƙasa. Abin da malamin jogarafi ya zana mana a allo game da yankunan tsirrai, ga shi muna kallo ta taga. Lallai gani ya kori ji.

Idan Allah ya ba ka irin wannan tafiya, ka sayi tikiti da wuri, ka shirya ƙaramar jakarka, ka riƙe hannun ƙaninka a kowace tasha. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.

Daga wakilan kulob ɗin 'yan jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.