Haifaffen Gusau da ya zama sanata a Italiya

Mai karatu, in aka ce ka ambaci ɗan siyasar Italiya, wa zai fara zuwa bakinka? Da yawa za su ce Berlusconi, shi ma albarkacin ƙungiyar AC Milan da ya taɓa mallaka. Masu sauraron labarai kuma su ce Giorgia Meloni. To ka taɓa jin Toni Iwobi? Ka zaga kasuwar Gusau kana tambaya, da wuya ka samu wanda ya san sunan, alhali a garin aka haife shi a 1955, cikin wani gidan Ibo mabiya Katolika.

A shekarun 1970 ya tafi Italiya da bizar karatu. Ya yi ilimin kwamfuta, ya zauna a Spirano, wani ɗan ƙaramin gari a lardin Bergamo, ya buɗe kamfaninsa. Kusan shekara 20 yana kansila a nan, babu wanda ya damu da shi in ban da maƙwabta. Sai zaɓen watan Maris na 2018 ya kai shi majalisar dattawa, ya zama baƙar fata na farko da ya hau wannan kujera a tarihin ƙasar.

Kada ka yi saurin tafi tukuna. Jam'iyyar da ta tsayar da shi ita ce Lega, wadda ta yi suna wajen ƙin baƙin haure. A 2013 wani jigonta, Roberto Calderoli, ya kwatanta minista Cécile Kyenge, 'yar asalin Kongo, da goggon biri. Iwobi bai fice ba. Shugaban jam'iyyar, Matteo Salvini, ma shi ya damƙa wa sashen kula da harkar shige da fice. Hujjar Iwobi ita ce shi ta ƙofa ya shiga, da takardunsa, kuma gara a taimaki matasan Afirka a ƙasashensu da a bar su suna mutuwa a teku. Mario Balotelli, ɗan ƙwallon nan da iyayensa 'yan Gana ne, bai yarda ba. Ya yi masa ba'a a Instagram cewa ƙila ba a gaya masa shi baƙi ba ne. Abin dariya, mutane da dama ta wannan zagin suka fara jin sunan sanatan.

Ni dai ina ganin maganarsa akwai ƙamshin gaskiya, sai dai ya manta cewa bizar da ya samu a zamaninsa yau ta fi ƙarfin ɗan talaka. Ke uwa da ɗanki ke maganar Agadas da Libiya, wannan rigima ta shafe ki kai tsaye. A 2016 kaɗai mutum fiye da 180,000 suka isa Italiya ta teku, kuma 'yan Najeriya ne suka fi yawa, sama da 37,000. Wata uku bayan zaɓen Iwobi, Salvini, yana ministan cikin gida, ya hana jirgin ceto Aquarius tsayawa a tashoshin ƙasar da mutum 629 a ciki. Sai Sifaniya ce ta karɓe su.

Wa'adin Iwobi ya ƙare a 2022, shekarar da Meloni ta hau mulki tare da Lega a cikin gwamnatinta. Salvini ya zama mataimakin firaminista, shi kuwa ɗan Gusau tun daga nan ba a cika jin ɗuriyarsa ba.