Gida ɗaya a intanet, ɗakuna da yawa: me za ka iya canzawa a naka?

Ga bayanin da muka yi a shirinmu na fasaha, mun sa shi a takarda domin waɗanda suke kan hanya ko a ruga lokacin da aka watsa shi.

Abin da ya jawo maganar shi ne kukan wani bawan Allah mai sayar da shadda da atamfa a nan Briketeri. Su goma sha biyu ne suka haɗa kuɗi, da teloli, da mai kilishi, da wani dillalin shanu da ke karɓar kaya daga Ngaundere, wani yaro ya buɗe musu shafin intanet, kowa da sashensa. Ran nan mai kilishi ya ce a mayar masa da nasa ja. Washegari Alhaji ya buɗe nasa ya tarar shi ma ya koma ja wur, rubutun farashi ko karantuwa ba ya yi. Ya ce mini, "Ɗana, ni da kuɗina, a yi mini fenti ban sani ba?"

To, ba maita ba ce. Da yawa daga irin waɗannan shafuka da manhajar WordPress ake gina su, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003. Tun 2010 take da wani tsari mai suna Multisite, wato a girka manhaja sau ɗaya, a yanka shafuka da yawa a cikinta. Ka ɗauke shi kamar gidan haya irin na unguwarmu: ƙofar waje ɗaya, mita ɗaya, ɗakuna birjik. Hotunanka da rubutunka da farashinka a ɗakinka suke, ba sa cakuɗa da na maƙwabci. Amma ginin na kowa ne. Sauƙinsa ke nan, kuɗin masauki ɗaya ake biya a raba, gyara ɗaya ya wadatar da kowa.

Abubuwa biyu ne ake rigima a kansu. Na farko rigar shafi, wadda masu harkar ke kira tim, ita ce ke tsara launi da inda hoto zai zauna da fasalin rubutu. Na biyu ƙarin kayan aiki, masu Ingilishi su ce fulogin, masu Faransanci su ce ekstansiyon, su ne ke ƙara wa shafi abin da bai zo da shi ba, kamar kwandon saye, maɓallin WhatsApp, ko karɓar kuɗi ta MTN MoMo da Orange Money.

A tsarin Multisite, babban mai kula ne kaɗai ke da ikon shigo da riga ko fulogin, mai gidan ke nan. Kai mai shafi ba za ka iya girka sabo ba, komai iyawarka. Abin da ke hannunka shi ne ka zaɓa daga cikin rigunan da ya buɗe maka, ka sa tambarinka, ka sauya launi idan rigar ta ba da damar hakan. Ka lura da wannan, don nan ne mutane da yawa ba su sani ba: mai gidan yana iya buɗe riga ga kowa da kowa, yana kuma iya buɗe ta ga shafinka kai kaɗai. Saboda haka idan aka ce maka "ai dole duk ku zama iri ɗaya", ba haka ba ne.

Yanzu me ya sami Alhaji? Yaron bai shiga saitin shafin mai kilishi ba, rigar kanta ya je ya taɓa, alhali su goma sha biyun ita suke sanye da ita. Kwafi ɗaya ne tak a gidan. Hanyar da ta dace ita ce a yi abin da ake kira 'yar riga, wato ƙaramar riga da ke gadon komai daga uwar, sai a rubuta canjin a cikinta, a buɗe ta ga mai kilishi kaɗai. Tana da wani amfanin kuma: ranar da aka sabunta uwar rigar, duk gyaran da aka yi a jikinta kai tsaye gogewa yake yi, amma na 'yar riga yana nan. Ni dai a ganina, duk mai haɗa shafin da bai san wannan ba, bai kai a ba shi amanar mutum goma sha biyu ba tukuna.

Fulogin kuwa hanya biyu ake kunna shi. Ko dai mai gida ya kunna wa gida duka, a nan ba ka da ikon kashe shi a naka, ko kuma a kunna shi shafi-shafi. Mai gidan na iya ba ku damar kunnawa da kanku idan ya buɗe wannan a saitinsa. Ku 'yan kan iyaka, ga inda ya shafe ku. Manhajar kanti irin WooCommerce kwafi ɗaya ce, amma saitinta na kowane shafi daban ne. Mai rumfa a kasuwar Mokolo ya sa farashi da sefa, wanda abokan cinikinsa ke Mubi ya sa da naira, ba wanda ya taka wani. Dillalin shanu kuwa me zai yi da kwandon saye? Ba wanda ke jefa bijimi a kwando. Hoto mai kyau da lambar waya sun ishe shi. Kowane fulogin da aka ɗora masa a banza nauyi ne, shafin ya riƙa jan ƙafa a inda sabis ke da rauni, ya cinye wa mai saye data. Sannan idan wanda aka kunna wa kowa ya lalace, gidan duka ne zai iya rufewa lokaci guda.

Kafin ka ba da kuɗinka a irin wannan haɗaka, tambayi waye babban mai kula, kuma a samu mutum na biyu amintacce mai wannan ikon, don yaro na iya tafiya Duwala ya canza lamba. Tambayi adireshin da sunan wa aka yi rajistarsa. Shafinka na iya ɗaukar adireshinsa na kansa ko da yana cikin gidan haɗaka, kuma idan mai ƙarewa da .cm ne, hukumar ANTIC ce ke kula da irinsa a Kamaru. A rubuta shi da sunanka.

Sai batun fita. Akwai wurin da za ka sauke rubuce-rubucenka a fayil guda ka tafi da su, amma hotunan ba sa cikin fayil ɗin, adireshinsu kawai yake ɗauke da shi. Dole tsohon shafin ya kasance a buɗe lokacin da ake kwashe su zuwa sabo. Don haka kada ka yarda a rufe naka sai ka ga hotunan sun sauka a can, kuma ka ajiye na asali a wayarka ko a memori.